Bene Na Tashi A Gaya, To Ina Ruwa Zai Bi?

 

Duk wadda ta ratsa garin Gaya a shekarun nan ta san gari ya canza. Inda muka saba ganin zaure da katangar laka, yau sai mu ga bene hawa ɗaya ko biyu, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Ba abin mamaki ba ne. Gaya bakin iyaka ce: ga Malanbil ta ƙasar Benin a ƙetaren gulbi, ga Kamba ta Najeriya kusa da mu, kuma inda kasuwa take nan kuɗi ke tara gini. Mu ma muna jin daɗin ganin garinmu ya yi kyau. Amma akwai maganar da ta dame mu a wajen zubi, shi ya sa muka ce bari mu kawo ta nan kafin damina ta kankama.

Abin da ya sami ɗaya daga cikinmu

A ƙungiyarmu akwai wata baiwar Allah, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, sana'arta suyar kifi. Gidanta na laka ne, ya fi shekara ashirin a tsaye. Ruwan sama in ya sauka, yakan bi wani lungu a bayan gidanta ya gangara abinsa. Sai aka sayar da filin da ke maƙwabtaka da ita. Wanda ya saya ya sa manyan motoci suka yi ta zuba jar ƙasa har filin ya fi nata tudu, ya ja katangar bulo ta rufe lungun, ya fara ɗora bene.

Daminar 2024, cikin watan Agusta, aka yi wani ruwa na dare. Ruwan ya zo inda ya saba bi, ya tarar an toshe, sai ya juya ya cika tsakar gidanta. Allah ya sa ta farka ta fitar da yara. Ba su daɗe da fita ba bangon ɗakin ya zauna. Buhunan masarar da ta saya da bashin asusu don ta ajiye har ta yi tsada, duk suka jiƙe suka tsira.

Da ta zo taro ranar zubi, shugabarmu ta ce mata: "Yaya, ki yi haƙuri, za mu ɗaga maki lokacin biya." Sai ta ce: "Hajiya, bashi zan biya in Allah ya so. Abin da ke ci min rai shi ne, ko na sake gina ɗakin, baɗi ma nan ruwan zai zo."

Wannan magana tata ce ta sa muka zauna muka yi tunani. Asusun taimako ya ba ta abin da ya samu, amma asusun taimako ba ya buɗe lungun da aka toshe.

Ruwan da ke kewaye da mu

Yankin Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Shi ya sa muke da rake da shinkafa da rogo da giginya. Amma albarkar tana tafe da nata nauyi.

Gulbinmu, kogin Isa da wasu ke kira Kwara, sau biyu yake cika a shekara. Cika ta farko a watannin Agusta da Satumba, ruwa ne ja mai laka, na daminar yankunanmu, kuma da sauri yake tasowa. A wannan lokaci kogunan Benin irin su Mekuru da Alibori da Sota duk suna juye nasu a ciki, Sota ma dab da Malanbil take faɗawa. Cika ta biyu ita ce ruwan da ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya daɗe yana ratsa Mali, ya iso mana cikin sanyi. Wannan a hankali yake zuwa. Ta farkon ce ta fi yi mana ɓarna, don tana haɗuwa da ruwan saman da ke gangarowa daga tudu zuwa cikin gari, ga kuma ƙasar fadama da ta riga ta ƙoshi ba ta iya shan ko ɗigo.

Ba mu manta da 2012 ba, ba mu manta da 2020 ba, lokacin da gulbi ya haye gonakin shinkafa da ƙauyukan bakin ruwa, nan wajenmu da can ƙetare. A 2024 kuwa abin ya game ƙasa baki ɗaya: mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya. Tsohon masallacin laka na Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba na shekarar. Har komawa lakol sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba, don ajujuwa da yawa sun cika da waɗanda suka rasa muhalli.

Ban da ruwa, akwai iskar farkon damina da ke yaye kwano ta jefa shi gidan maƙwabta, akwai kuma tsawa, wadda ta fi neman abin da ya fi tsawo a unguwa. Duk mai ɗora bene ya kamata ya sa ƙarfen kama tsawa, ya kuma ɗaure rufinsa da kyau.

Bene ba ya faɗuwa banza

Wasu za su ce ai maganin ruwa shi ne siminti, kuma wanda ya hau sama ya tsira. Gaskiya ne ginin siminti ya fi na laka jure ruwa, in an yi shi bisa ƙa'ida. In kuwa an yi ha'inci, ya fi na laka haɗari. Ɗakin laka yakan ba da alama, ya jiƙe, ya tsage, ya yi ƙara. Bene kuwa in ya tashi zuwa, gaba ɗaya yake zuwa.

Mu duba nauyin kawai. Rufin kankare zalla na ɗaki mai mita 4 a tsawo, mita 4 a faɗi, kaurinsa santimita 15, ya kai wajen tan 6. Wato kamar buhun shinkafa mai kilo 50 guda 120 ke nan a saman kan mai barci. Abin da ke riƙe da wannan nauyi shi ne ginshiƙai da tushen gini, tushen kuma ƙasa ce ke riƙe da shi. In ƙasar ta fadama ce, ko tsohon tabki ne aka cike da shara da jar ƙasa, ruwa na shiga sai ta yi laushi, gefe ɗaya ya nutse, bango ya tsage.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga wannan da idonsu. A ranar 1 ga Nuwamba 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rushe, mutum fiye da 40 suka rasu. A ƙarshen watan Agusta 2022, bene mai hawa uku da ake cikin ginawa ya rufta a titin Beirut na Kano, a tsakiyar kasuwar wayoyin salula. A watan Yuli 2024, ginin wata makaranta ya faɗa wa ɗalibai a Jos suna cikin aji, aka rasa rai 22. Babu girgizar ƙasa ko ɗaya a cikin waɗannan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mun tambayi magina na gari, waɗanda suka yi karatun aikin, ga abin da suka ce yana kawo matsala:

Na ɗaya, a yi tushe don gida na ƙasa, in kuɗi sun zo daga baya sai a ɗora masa hawa. Tushen da aka yi don ɗaukar kwano ba zai ɗauki bene ba.

Na biyu, rage siminti. Kankaren da ke ɗaukar nauyi yana son wajen buhu 7 a kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi. Haka bulo: in kika murza shi da yatsa yana zuba kamar gari, ko ya faɗi daga hannu ya farfashe, an cuce shi.

Na uku, yashi mai laka da ƙarfe siriri ko tsoho mai tsatsa. Ruwa mai gishiri ko kanwa ma yana cin ƙarfen da ke cikin kankare, mu kuwa da ke kusa da Dallol Foga mun san ƙasar gishiri.

Na huɗu, gaggawa. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Wanda ya cire katakon tallafi da wuri don ya kai shi wani aiki, da ran mutane yake wasa.

Akwai kuma abin da muke gani da idonmu tun da aka rufe gada a 2023 ciniki ya ja baya: gine-gine da dama sun tsaya rabi, ƙarafa a waje suna shan ruwan damina bayan damina. Ranar da za a ci gaba da aikin, ya kamata masani ya fara dubawa.

Me ya shafe mu, mu da ba mu gina bene?

Ya shafe mu ƙwarai. Mu ne ke kama hayar shagon ƙasa. Mu ne ke shimfiɗa tabarma mu kasa tumatir a inuwar bene. Ƴaƴanmu ne ke ɗaukar kwanon kankare a ka suna hawa tsani don kuɗin yini, mu kuma muke kai masu abincin sayarwa har cikin wurin aikin. Sannan gidajenmu na laka ne ke karɓar ruwan da bene ya kora. Rufin kankare da tsakar gida mai siminti ba su shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansu waje yake fita, in ba a yi masa hanya ba sai ya nemi gidan da ya fi kwari.

Wasu ƙungiyoyinmu ma sun fara tara abin da ya kai su yi tunanin gina mangaza ko shago na haɗin gwiwa. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991 ya kai mu nan, alhamdu lillahi. A watan Oktoba 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti bayan ɓarnar ruwa, abin ya ƙarfafa wa mutane gwiwar yin gini. To, kuɗin da aka tara dala-dala shekara da shekaru bai kamata a binne su a hanyar ruwa ba.

Abin da muka tsayar a ƙungiyarmu

Bayan mun tattauna sau uku, ga shawarwarin da muka ɗauka. Kowace ƙungiya ta duba ta ɗauki wanda ya dace da ita.

1. Kafin wata ta sayi fili ko ta kama haya, ta je ta ga wurin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ta kuma tambayi tsofaffin unguwa ko can da tabki ne. Filin da ya yi araha da rani, a bincike shi.

2. Bashin gyaran gida, mun sa na tushe a gaba da na ado. Ɗaga dakalin ƙofa, zagaye gindin bango da dutse ko siminti, gyara indararo ya zubar nesa da bango, waɗannan ake fara ba kuɗi, kuma a watan Afrilu ko Mayu, ba sai hadari ya haɗu ba.

3. In muka ga ana cike fili ko ana jan katanga a kan hanyar ruwa, ba za mu jira bango ya faɗi ba. Mu tafi mu uku ko huɗu wajen mai ginin, da ladabi, mu ce: "Alhaji, Allah ya sa albarka, amma ina aka bar wa ruwa?" In ba a daidaita ba, sai wajen mai unguwa, daga nan sai ma'aikatar magajin gari. Doka ta ce sai da takardar izini ake irin wannan gini, tambayarta ba rashin kunya ba ne. Muryar mace ɗaya ana iya share ta, ta mata talatin da littafinsu a hannu da wuya.

4. Ranar Asabar ta farkon kowane wata, daga Mayu har Satumba, za mu fita yasar magudanar ruwan unguwa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, leda da tokar murhu da ke toshe su, da yawa daga gidajenmu suke fitowa.

5. Akwatin asusu da littafin zubi, da takardun haihuwa da na fili, a sa su cikin leda mai kauri a ajiye a sama, a gidan da ke kan tudu. Kayan abincin da aka saya da bashi kada a jibge su a ƙasa, a ɗora a kan katako ko duwatsu.

6. Daga watan Yuni mun ƙara dala biyar-biyar a kan zubin asusun taimako, a ware shi don ɓarnar ruwa kaɗai.

7. Alamomin da in an gan su a fita, kada a tsaya kwashe kaya: tsaga mai faɗi da ke tafiya a karkace, ƙofar da ta daina rufuwa haka kawai, ƙasa na zubowa daga rufi, ko ƙara a cikin bango da dare. Kaya ana mayarwa, rai ba a mayarwa.

Game da ƴar'uwarmu mai kifi, mun je mu biyar tare da mai unguwa. Maganar ba ta yi daɗi ba a zama na farko. A zama na biyu mai ginin ya yarda ya huda katangarsa ta ƙasa ya sa bututu, mu kuma muka haɗa hannu da samarin unguwa aka haƙa rami har bakin titi. Ta sake ɗaga ɗakinta, wannan karo da gindin dutse, kuma ta gama biyan bashinta kafin rabon asusu. Ko bututun zai isa in an yi babban ruwa, damina ce za ta nuna, shi ya sa muke sa ido.

Muna roƙon kowace shugaba ta karanta wannan a taron zubi na gaba, don waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba su ma su ji. In akwai lungun da aka toshe a unguwarku, ku kawo maganar taron haɗin gwiwar ƙungiyoyi mu tafi tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ƴaƴanmu daga sharrin ruwa da iska. Amin.