Kaka a tsaunukan Appalachia: dabbobi, abinci da bargon ƙyallaye

A duk watan Oktoba, motoci kan yi jerin gwano a kan hanyar Blue Ridge mai tsawon kilomita 755, wadda ta ratsa jihohin Virginia da Carolina ta Arewa a gabashin Amurka.

Abin da ke kai jama'a can shi ne kallon itatuwa. Idan yini ya fara gajarta, dare ya yi sanyi, sai ganyaye su saki launinsu na kore, su koma ja da rawaya, kafin su kaɗe baki ɗaya.

To amma ga iyalan da suka rayu a cikin waɗannan tsaunuka na Appalachia shekara da shekaru, jan ganye ba abin kallo ba ne. Gargaɗi ne cewa saura 'yan makonni dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kuma duk gidan da bai tanadi abinci da itace da abin rufa ba, zai ji jiki kafin watan Maris.

Tsaunukan sun miƙe ne tun daga jihar Alabama har cikin ƙasar Kanada. Mafi tsawonsu shi ne Dutsen Mitchell a Carolina ta Arewa, mai mita 2,037.

A kudancin yankin, 'yan asalin wurin su ne ƙabilar Cherokee, waɗanda gwamnatin Amurka ta kori akasarinsu da ƙarfin soja a 1838. Turawan da suka gaje filayen, galibinsu jikokin baƙi ne daga Scotland da arewacin Ireland da Ingila da Jamus. Ƙananan manoma ne, masu noma abin da za su ci a gangaren tudu, nesa da kasuwa, nesa da likita.

Saukowa daga tudu

Aikin kaka yakan fara ne da dabbobi.

A kwarin Cades Cove da ke jihar Tennessee, alal misali, manoma kan kora shanunsu zuwa filayen ciyawa na ƙololuwar tsauni da zarar sanyi ya wuce, domin kada su yi ɓarna a gonaki. Makiyayi guda kan kula da shanun gidaje da dama, ana biyansa bisa yawan kawuna. A farkon Satumba sai a sauko da su, kowa ya ware nasa ta hanyar tsagar da ya yi musu a kunne.

Daga nan sai lissafi. Maigida zai dubi harawar da ya tara, ya dubi garkensa. Dabbar da ba zai iya ciyarwa har ƙarshen hunturu ba, dole a sayar da ita ko a yanka. Saniyar tatsa ita ce ta ƙarshe da za a rabu da ita, don da madararta yara ke rayuwa.

Bayan kammala hanyar Buncombe a 1828, fataken dabbobi sun riƙa bi ta garin Asheville a kowace kaka, suna kora garke a ƙasa zuwa kasuwannin Carolina ta Kudu. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa aladu fiye da dubu 100 ne ke bin hanyar a shekara, ban da shanu da talotalo. Wannan fatauci ya mutu bayan da jirgin ƙasa ya isa Asheville a 1880.

Alade shi ne naman mutanen tsaunin, waɗanda kusan dukkansu Kiristoci ne. Ba a yanka shi sai sanyi ya kankama, wajejen bikin Ranar Godiya a ƙarshen Nuwamba, tun da babu firji. Akan cuɗe naman da gishiri a kyafe shi, kitsen kuma a yi girki da shi, ragowar a haɗa da ruwan toka a dafa sabulu.

Kiwon bai cin kuɗi, domin dawa ke ciyar da dabbar. Wani ƙaton itace da ake kira cesnat kan zubar da 'ya'yansa a kaka, masu gari da ɗan zaƙi, waɗanda ba su kai girman goro ba. Dabbobi su ƙoshi su yi ƙiba, yara kuma su tsinta buhu-buhu a kai kanti a musanya da takalma da gishiri.

A 1904 aka gano wata cuta a jikin itatuwan a birnin New York, wadda ta shigo tare da dashen da aka kawo daga Asiya. Kafin 1950 ta kashe itatuwa kimanin biliyan 3 zuwa 4. Ga talakan tsauni, wannan tamkar ƙonewar rumbu ne.

Takanda da gayya

Akwai wani aikin kaka da ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba.

Sukari yana da tsada, rake kuma ba ya yi a wuri mai sanyi. Don haka tun daga shekarun 1850 manoman suka rungumi takanda, wadda asalinta daga Afirka ne. Wasu daga cikin irin da aka fara shukawa a Amurka, daga yankin Natal na Afirka ta Kudu aka kawo su.

Ana sare karan kafin jaura ta faɗo, a matse shi a injin da doki ko alfadari ke juyawa yana zagaye, kusan yadda masu mazarƙwaila ke yi a ƙasar Zazzau. Sai a dafa ruwan a faffaɗan kasko, ana kwashe kumfa tun safe har dare. Kimanin lita 10 na ruwan ne ke ba da lita 1 ta maɗi.

Gida ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai. Haka ɓare masara, haka dafa tuffa a tukunyar tagulla har ta yi kauri, haka shanya koren wake a jikin zare a rataye a rufin ɗaki. Duk da gayya ake yi: yau a gidan wane, gobe a gidan wane, mai gayya ya ciyar da jama'a, a ƙare da goge da rawa. Dankali da kabeji kuwa akan binne su cikin rami a lulluɓe da ciyawa.

Bargon da ya ci shekara

Sai an gama da gona sannan mata ke samun sukunin zama a kan aikin da ya fi fito da sunan yankin, wato ɗinkin bargon ƙyallaye.

Bargon hawa uku ne. Na sama, ƙananan ƙyallaye ne da aka yanka murabba'i ko mai kusurwa uku, aka harhaɗa su da allura. Na tsakiya auduga ce da aka shace, ko gashin tumakin gidan, ko ma tsohon bargon da ya mutu. Na ƙasa kuma shimfiɗaɗɗen yadi ne.

Haɗa ƙyallayen aikin mace ɗaya ne, tana yi a bakin murhu da dare, wani lokaci wata da watanni. Amma ɗinke hawa ukun wuri guda, shi ne ke tara maƙwabta. Akan ɗaure bargon a jikin wani firam na katako, wanda a gidaje da dama a rufin ɗaki yake rataye da igiya. A sauko da shi da safe, a janye shi sama idan za a ci abinci. Mata shida ko takwas na iya gama bargo ɗaya a yini.

Gwanar ɗinki ana gane ta ne da ƙanƙantar sakin allurarta: wadda ke jera 10 zuwa 12 a inci guda ta kai. Yarinya kan fara koyo tun tana ƙarama da zubi mafi sauƙi, mai murabba'i tara, kuma ana sa ran ta shiga ɗakin miji da barguna nata na kanta. Kowane zubi da sunansa: akwai Bukkar Gungume, akwai Zoben Aure.

Amfaninsa ba ado ba ne da farko. Gidajen na gungumen itace ne, murhu ɗaya ke ɗumama su, yara kuma a saman bene suke kwana inda iska ke shigowa ta tsaguwa. Akan jibga musu barguna uku ko huɗu, har juyi ya yi wuya.

Akan ce wai tun zuwan Turawa tsaunin suke wannan ɗinki saboda talauci. Masu binciken tarihin tufafi ba su yarda da haka ɗungurungum ba. Matan farko saƙa suka fi yi, da gashin tumaki da zaren da suka kaɗa da hannu, kuma wanda ya saƙa yadi da kansa ba ya yi masa gunduwa-gunduwa. Sai da yadin masaƙu ya yi araha a ƙarni na 19 sannan ƙyalle ya wadata. Wasu bargunan ma da sabon yadi aka yi su, aka ajiye don baƙi da biki.

Inda zancen talaucin ya tabbata shi ne shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki. A wancan zamani a buhun yadi ake sayar da fulawa da abincin kaji. Da kamfanoni suka lura cewa mata na farke buhunan suna ɗinka riguna, sai suka fara buga musu furanni, suna sa tambarinsu da tawadar da ke fita a wanki. Riga ɗaya kan ci buhu uku ko huɗu, don haka uwargida kan bai wa maigida ƙyalle ya tafi da shi kanti, kada ya dawo da buhun da bai dace ba. Abin da ya rage daga rigar, bargo ke cinye shi.

Daga gado zuwa kasuwa

Tun a 1897 wata 'yar mishan, Frances Goodrich, ta kafa cibiyar Allanstand a Carolina ta Arewa domin sayar da saƙar matan tsauni ga mutanen birni. A karon farko, aikin da ba a biyan kowa a kansa ya fara kawo kuɗi gida.

Buƙatar kuɗin ta ƙaru yayin da tsohuwar rayuwar ke rushewa. Kafa gandun daji na Great Smoky a 1934 da na Shenandoah a 1935 ya tashi ɗaruruwan iyalai, ya kuma kawo ƙarshen kiwo a kan tudu. Maza suka koma haƙar kwal, sannan injuna suka kore su. A wajejen 1950 jihar Virginia ta Yamma tana da mahaƙa fiye da dubu 100. A 'yan shekarun nan ba su kai dubu 15 ba. Miliyoyin mutane sun yi ƙaura zuwa masana'antun Ohio da Michigan.

A 1970 matan mahaƙa da zawarawansu suka kafa ƙungiyar gama-kai ta Cabin Creek a Virginia ta Yamma, suna ɗinki suna sayarwa. A shekarar da ta biyo baya gidan tarihi na Whitney a New York ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar zanen manyan masu fasaha, farashi ya tashi.

Sai dai kasuwa ba ta da amana. A 1992 masu ɗinki suka yi ca a kan cibiyar Smithsonian, bayan da ta ba da izinin a kwaikwayi wasu bargunan tarihi da ke hannunta a ɗinka su a China. Matar da ta shafe watanni a kan bargo ɗaya ba ta da yadda za ta yi gogayya da wannan farashi.

A yau akasarin masu ɗinkin da keke suke yi, don sha'awa ko kyauta ko tara wa coci kuɗi. Tun daga 2001, lokacin da aka fara a gundumar Adams ta jihar Ohio, ana zana zubin barguna a kan manyan alluna a kafa a jikin rumbunan gona domin jawo matafiya. Da yawa daga cikin rumbunan na shanya taba ne a da, sun zama fanko bayan da gwamnati ta soke tsarin kason noman taba a 2004.

Waɗanda suka rage a gona galibi shanun nama suke kiwo, tare da wani aikin albashi a gari, kuma har yanzu a kaka suke sayar da maruƙa. A ƙarshen Satumban 2024 guguwar Helene ta afka wa yammacin Carolina ta Arewa, inda ta kashe mutane fiye da 100 a jihar. Ambaliyar ta kwashe shingaye da dabbobi da harawar da aka riga aka tara domin hunturu. Makonni bayan haka, manoma daga wasu jihohi na ta aiko da harawa a manyan motoci, ana raba wa masu shanun da suka tsira.