Amanar Da Ke Wuyan Masanin Haɗa Magunguna

 Idan yaro ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, likita iyaye kan yi wa godiya, da wuya su tuna da wanda ya gano maganin, ya auna shi, ya kuma tsare shi har ya iso hannunsu. Wannan shi ne masanin haɗa magunguna, wanda Larabawa ke kira saidali. Fanni ne mai asali, domin Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙu a 1248, ya tattara bayanin magunguna wajen 1,400 a littafi guda, kuma a biranen wancan zamani muhtasibi yakan zaga shagunan magani don hana algus.

Mu ɗauki misalin maganin zazzaɓin da ake sha a gidajenmu yau. A lokacin yaƙin Biyetnam zazzaɓi ya addabi sojoji, kulorokwin kuwa ya daina cin ƙwayar cutar, sai gwamnatin Sin ta kafa shirin bincike a 1967. A 1969 aka ɗora wata mata mai suna Tu Youyou a kan wani rukuni na masu binciken, ita kuwa ilmin magunguna ta karanta a Beijin. Ta tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, har ta tsaya a kan wani tsiro dangin tazargade. Da farko maganin wani lokaci ya ci, wani lokaci ya ƙi. Sai ta karanta a littafin wani tabibi na ƙarni na 4, Ge Hong, cewa jiƙa ganyen ake yi a matse, ta gane ashe tafasawa ke kashe ƙarfinsa. Ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye, a 1972 kuma ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a ba majinyata. Wannan shi ne atimisinin, wanda saboda shi aka ba ta lambar Nobel a 2015.

Amma fa gano magani rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ya isa ga raunana. Nijeriya kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, kuma galibin waɗanda take kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina, abin da ake yi a Arewacin Nijeriya da Nijar. A irin wannan aiki masanin magani shi ke ƙiyasta yawan da za a saya, ya tsare shi daga zafi da laima, ya lura da ranar lalacewarsa, ya kuma bayyana yadda ake bayarwa gwargwadon shekarun yaro.

Babban abin tsoro shi ne jabu. A 2017 hukumar nan ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Illarsa biyu ce: majinyaci bai warke ba, sa'an nan ƙwayar cutar da ta sha maganin da bai cika ƙarfi ba takan koyi jure masa. An riga an ga alamun wannan juriya a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ita ma masaniyar haɗa magunguna ce, ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, bayan jabun insulin ya yi ajalin 'yar'uwarta a 1988. Ta ƙona jabu, ta rufe shaguna, har aka harbi motarta a 2003, Allah Ya kuɓutar da ita.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa, magani ba atamfa ba ne da mai saye zai shafa ya gane nagarinsa. Amincinka kaɗai ya dogara a kai. Kada ka saro sai daga dillali mai rajista, kada ka shanya shi a rana, kada kuma ka gutsura wa talaka rabin abin da aka rubuta masa. Kai kuma ma'aikaci da kwangilar sayen magani ke bi ta teburinka, kada ka sa hannu sai masanin magani ya duba kayan, domin rahusar da za ka samu a kan jabu ɗan wani ne zai biya ta da ransa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu fita haƙƙin amana. Wassalam.