Musayar fayiloli tsakanin manyan manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya

Musayar fayiloli tsakanin manyan manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya ita ce hanyar da mai kwamfutar da aka saka wa babbar manhaja fiye da ɗaya, kamar Windows da Linux, yake bi domin ya iya buɗe takardunsa, hotunansa da sauran fayilolinsa a kowacce daga cikinsu. A irin wannan kwamfuta, da zarar an kunna ta, wata ƙaramar manhaja kamar GRUB tana nuna jerin manyan manhajojin da ke ciki, mutum ya zaɓi wadda zai shiga. Guda ɗaya ce take aiki a lokaci guda, ɗayar kuma tana kashe. Saboda haka ba za su iya aika wa juna fayil ta hanyar sadarwa ba, kamar yadda kwamfutoci biyu suke yi a ofis. Faifan ajiya ne kaɗai mahaɗarsu: abin da ɗaya ta rubuta ta bari, shi ɗayar za ta tarar. Abubuwa biyu ne suke sa musayar ta yi kyau. Na farko, a ajiye fayilolin a tsarin da dukkansu suke iya karantawa da rubutawa. Na biyu, kowacce ta rufe faifan sosai kafin a shiga ɗayar.

## Asalin matsalar

Ana raba faifan ajiya gida-gida, kowane gida ana kiransa ɓangare ko fatishan. Kowane ɓangare yana da tsarin fayil, wato ƙa'idar da ake bi wajen rubuta sunan fayil, girmansa, ranar da aka sauya shi da inda yake kwance a faifan. Windows tana zama a kan tsarin NTFS, yawancin nau'o'in Linux kamar Ubuntu da Debian suna zama a kan ext4, macOS kuma a kan APFS. Babbar manhaja ba ta iya buɗe ɓangare sai tana da direban da ya san tsarinsa.

Su ukun ba ɗaya suke ba a wannan fanni. Linux tana karanta NTFS, tana kuma rubutu a kansa. Windows ba ta zuwa da direban ext4. Idan ta ga ɓangaren Linux ba ta nuna abin da ke ciki, wani lokaci ma takan nemi a yi masa fomat, wanda idan aka amince zai goge komai. macOS tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai an ƙara mata wata manhaja.

## Tsarukan fayil da ake amfani da su

FAT32 ya fito a 1996 tare da wani sabuntawa na Windows 95. Kusan kowace na'ura tana gane shi, kuma shi ake yawan amfani da shi a ƙaramin ɓangaren da kwamfutocin UEFI suke ajiye fayilolin kunnawa. Matsalarsa ita ce fayil ɗaya ba ya kaiwa gigabait 4, don haka dogon bidiyo ko fayil ɗin saka babbar manhaja ba lallai ya shiga ba.

exFAT kamfanin Microsoft ne ya fitar da shi a 2006 domin filashi da katin memori. Ba shi da wancan ƙaidi na gigabait 4. A 2019 Microsoft ya wallafa bayanin tsarin a fili, aka shigar da direbansa cikin kanel ɗin Linux mai lamba 5.4, sannan a 2020 aka maye gurbinsa da wanda Samsung ya rubuta a kanel 5.7. Windows, Linux da macOS duk suna rubutu a kansa. Sai dai ba shi da kundin aiki, wato wurin da tsarin fayil yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, ya fi saurin lalacewa.

NTFS ya zo da Windows NT 3.1 a 1993. Yana da kundin aiki, yana ɗaukar manyan fayiloli. A Linux an daɗe ana amfani da direban NTFS-3G, wanda sigarsa tabbatacciya ta farko ta fito a 2007. A 2021 aka shigar da wani direban mai suna NTFS3, na kamfanin Paragon Software, cikin kanel 5.15. Wannan ne ya sa NTFS ya zama zaɓin da aka fi yi tsakanin Windows da Linux.

ext4 ya zama tabbatacce a kanel 2.6.28 a Disambar 2008. Shi ma yana da kundin aiki, kuma yana riƙe bayanin mai fayil da izinin amfani da shi kamar yadda Linux take buƙata.

A kwamfutocin Apple masu injin Intel, manhajar Boot Camp, wadda aka fara fitarwa a 2006, tana ba da damar saka Windows tare da macOS. A nan an fi amfani da exFAT wajen musaya. Kwamfutocin da Apple ya fara fitarwa da injinsa na M1 a 2020 ba su da Boot Camp.

## Ɓangaren haɗaka

Hanyar da aka fi bi ita ce a ware ɓangare na uku, ban da na Windows da na Linux, a yi masa tsarin NTFS ko exFAT, a riƙa ajiye takardu, hotuna da waƙoƙi a cikinsa. Amfanin hakan shi ne Linux ba za ta riƙa taɓa ɓangaren da Windows kanta take zaune ba, kuma idan aka sake saka ɗaya daga cikin manhajojin, fayilolin suna nan. Faifai mai tsohon tsarin rabo na MBR ba ya ɗaukar manyan ɓangarori fiye da 4. Mai tsarin GPT kuwa Windows tana yarda ya kai 128. Rage girman wani ɓangare don a samar da sabo aiki ne mai haɗari, shi ya sa ake kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai kafin a fara.

A Windows sabon ɓangaren yana bayyana da harafinsa, kamar D:. A Linux sai an ɗora shi a kan wata folda kafin a iya shiga. Manhajar duba fayiloli tana yin haka idan an latsa sunansa, amma wanda yake son ya riƙa ɗoruwa da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta yakan ƙara layi a fayil ɗin /etc/fstab, da lambar shaidar ɓangaren wadda umarnin blkid yake nunawa. A layin ake sa uid da gid da umask, waɗanda suke faɗa wa Linux wane ne za a ɗauka a matsayin mai fayilolin, tunda tsarin izini na Windows daban yake da nata. Saboda wannan bambanci ba a son a mayar da ɓangaren NTFS ya zama babbar foldar mai amfani a Linux gaba ɗayanta. Abin da ake yi shi ne a bar ta a kan ext4, a haɗa foldar takardu da ta hotuna kawai da ɓangaren haɗaka.

## Barcin Windows da lalacewar fayiloli

Babban abin da yake jawo asarar fayiloli a wannan tsari shi ne barin ɓangare a buɗe. Idan aka sa Windows dogon barci, tana kwafe abin da ke ƙwaƙwalwarta zuwa fayil mai suna hiberfil.sys, ciki har da abin da ta sani game da yanayin ɓangarorin NTFS da take amfani da su. Idan aka shiga Linux aka sauya wani abu a ɓangaren, Windows za ta farka ta ci gaba da aiki da tsohon bayanin da ta adana. Sababbin fayiloli na iya ɓacewa, tsofaffi kuma su lalace.

Tun daga Windows 8 a 2012, akwai wani tsari mai suna Fast Startup da yake zuwa a kunne a yawancin kwamfutoci. Da shi, ko an latsa maɓallin kashewa, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana fitar da mai amfani ne ta sa zuciyar manhajar barci don ta tashi da sauri. Shi ya sa mutum yake ganin ya kashe Windows amma Linux ta ƙi bari ya ajiye komai a ɓangaren. Direban NTFS-3G idan ya gane alamar barci yakan ƙi ɗora ɓangaren, ko ya ɗora shi don karatu kawai. Wannan kariya ce, kuma tilasta masa ya yi rubutu yana iya jawo ɓarnar da aka ambata.

Maganin shi ne a kashe Fast Startup a saitin wutar lantarki na Windows, ko a ba da umarnin powercfg /h off da ikon shugaban kwamfutar, wanda yake kashe dogon barci da Fast Startup tare. Zaɓin sake kunnawa yana rufe Windows sosai, haka ma danne maɓallin Shift lokacin latsa kashewa. Dokar ta shafi Linux ita ma: idan an sa ta dogon barci da ɓangaren haɗaka a ɗore, bai kamata a rubuta a kansa daga Windows ba.

Idan wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana cikin aiki, ɓangaren NTFS yakan kasance da alamar cewa ba a rufe shi daidai ba. Umarnin ntfsfix na Linux yana gyara ƙananan matsaloli kawai. Cikakken gyara sai an koma Windows an yi amfani da chkdsk.

## Ɓangaren da aka kulle da BitLocker

Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker. Linux ba ta iya ganin abin da ke cikin irin wannan ɓangare sai da kalmar sirri ko lambar ceto mai alƙaluma 48. Manhajar cryptsetup ta fara iya buɗe shi daga siga ta 2.3 a 2020, akwai kuma wata mai suna dislocker. Sauya tsarin kunna kwamfuta lokacin saka Linux yana iya sa Windows ta nemi lambar ceton, don haka ake so a adana ta a wani wuri tun kafin a fara aikin.

## Karanta ɓangaren Linux daga Windows

Akwai manhajojin da suke ba Windows damar buɗe ext4. Linux Reader na kamfanin DiskInternals tana bari a duba fayiloli a kwafo su ba tare da rubutu a ɓangaren ba. Paragon Software yana sayar da direba mai karatu da rubutu. Ext2Fsd kyauta ce, amma tsohuwa ce, kuma ba ta san wasu sababbin abubuwan da aka ƙara wa ext4 ba, don haka rubutu da ita yana da haɗari. Tsarin WSL 2 na Microsoft yana da umarnin wsl --mount da yake ɗora ext4, sai dai ba ya aiki a kan faifan da Windows kanta take zaune. Dole Linux ta kasance a wani faifai daban. Masu amfani da tsarin Btrfs suna da direban WinBtrfs.

## Sunayen fayiloli da haruffa

Windows ba ta yarda da waɗannan alamomi a sunan fayil: \ / : * ? " < > |. Tana kuma hana sunaye kamar CON, PRN, AUX da NUL. Linux kuwa alamar / kaɗai ta hana daga cikinsu. Fayil da aka sa wa suna "Ina mafita?.odt" a Linux zai iya ƙin buɗuwa ko goguwa a Windows. Zaɓin windows_names na NTFS-3G yana hana ƙirƙirar irin waɗannan sunaye. Haka nan Linux tana ɗaukar "Aiki.txt" da "aiki.txt" a matsayin fayiloli biyu, Windows kuma tana ganinsu abu ɗaya.

Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, suna zama lafiya a sunan fayil a NTFS da exFAT, domin duka biyun suna ajiye sunaye da Unicode. Inda ake samun matsala shi ne cikin fayil ɗin rubutu zalla. Tsohon tsarin haruffa na Windows-1252 ba shi da waɗannan haruffa, kuma idan aka buɗe rubutun UTF-8 da shi, sai su rikiɗe su zama wasu alamomi. Daga 2019 Notepad ta koma ajiye rubutu da UTF-8, wanda shi ne Linux take amfani da shi. Akwai kuma bambancin ƙarshen layi: Windows tana sa alamomi biyu, CR da LF, Linux tana sa LF kaɗai. Notepad ta fara gane na Linux a 2018.

## Bambancin agogo

Windows tana ɗauka cewa agogon cikin kwamfuta yana nuna lokacin gida, Linux kuma tana ɗauka yana nuna lokacin duniya na UTC. A Najeriya da Nijar, inda lokaci yake gaban UTC da awa ɗaya, agogo yakan goce da awa ɗaya bayan an sauya daga wannan zuwa waccan. Hakan yana shafar lokacin da ake rubuta wa fayiloli, har ya rikita manhajar da take duba wanne ne sabo. Ana gyarawa da umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Linux, ko a saita Windows ta koma amfani da UTC.

## Wasu hanyoyi

Ana iya amfani da filashi ko faifan waje mai tsarin exFAT, a cire shi ta hanyar da ta dace kafin a kashe kwamfuta. Ana kuma iya ajiye fayiloli a intanet. Dropbox yana da manhaja ta Linux. Google Drive da OneDrive ba su da ta kamfaninsu, sai dai a shiga ta burauza ko a yi amfani da manhaja kamar rclone. Wannan hanya tana cin data, domin fayil zai hau intanet daga ɗaya ya sake saukowa a ɗayar, alhali duka suna kan faifai ɗaya. Ɓangaren haɗaka kuma ba ya maye gurbin kwafin ajiya, tunda idan faifan ya mutu, manyan manhajojin biyu da fayilolin duk tare za su tafi.

## Duba kuma

* Babbar manhaja
* Linux
* Microsoft Windows
* Unicode