KAFIN KA SAYI KWAMIN WANKE-WANKE, FARA TAMBAYAR RUWAN GIDANKA

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

DUK wanda ya bi hanyar Zungeru daga Minna a 'yan shekarun nan, da zarar ya wuce Bosso zai ga yadda Maikunkele ta sake kama. Wannan gari na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso ta Jihar Neja. A da an fi saninsa da noman doya da kuma filin jirgin sama, wanda aka sa wa sunan Shugaba Bola Ahmed Tinubu a watan Maris na 2024. Yanzu kuwa ko'ina ka duba bulo ne da yashi. Ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan fansho, waɗanda tsadar haya ta koro daga cikin gari, wasu na gini sabo, wasu na yi wa tsohon gida kwaskwarima.

To, a cikin kwaskwarimar nan akwai wani abu guda da ya zama kamar dole, watau a fitar wa uwargida kicin na zamani, a kafa mata kwamin wanke-wanke, wanda masu shago ke kira sinki, da kan famfo mai ƙyalli. Abin so ne ƙwarai. Matar da ta shekara ashirin tana duƙe a kan daro a tsakar gida ta cancanci ta yi wanke-wanke a tsaye. Amma fa akwai gidaje da yawa, a nan da sauran garuruwan Arewa, inda kwamin da aka kashe wa kuɗi ya koma wurin ajiye albasa da tsofaffin robobi, uwargida kuma ta koma wa daronta. Dalili kuwa shi ne maigida ya fara daga inda ya kamata ya ƙare. Ya shiga shago, ya ga abin da ya ba shi sha'awa, ya biya, sa'an nan ya kira mai aikin famfo. Ruwan da zai shiga da wanda zai fita, babu wanda ya yi maganarsu.

Ina ruwan zai fito?

Minna ta zama babban birnin jiha a 1976, lokacin da aka raba Jihar Arewa Maso Yamma. A 1978 aka gina madatsar Tagwai domin ta taimaka wa matatar ruwa ta Chanchaga, ga kuma tsohuwar madatsar Bosso. Sai dai garin ya yi girman da ya wuce bututun da aka shimfiɗa masa nesa ba kusa ba, unguwannin bayan gari kuwa su ne suka fi ji a jikinsu. Saboda haka galibin sababbin gidaje a wajen Maikunkele da rijiya suke taƙama, ko burtsatse, ko 'yan ga-ruwa. Mai burtsatse ma sai an kawo wuta ko ya tayar da janareta kafin ya tura ruwa tanki, duk da cewa jihar nan ce ke da madatsun lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru. Wannan magana ce ta wata rana.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne tankin. Ƙarfin ruwan da ke fitowa daga famfo bai dogara da girman tanki ba, ya dogara ne da tsayin da aka ɗora shi. Ruwan da ya gangaro daga tsayin mita 10, watau wajen ƙafa 33, shi ne ke ba da ƙarfin da ake rubutawa bar 1 a jikin kwalin famfo. Tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai ƙafa 12, in aka cire tsayin da bakin famfon ya yi daga ƙasa, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin uku na bar ɗin nan ba. Alhali da yawa daga cikin kawunan famfon da ake shigowa da su, musamman masu hannu ɗaya da masu tiyo da ake jawowa a fesa, an ƙera su ne domin biranen da ruwan hukuma ke zuwa da ƙarfin bar 2 ko 3. In ka ɗaura irin wannan a gidan mai gajeren tanki, sai ka ga ruwa na zirara kamar zare. Uwargida ta tara tukunya ta je ta tsince shinkafa ta dawo, bai cika ba. Sai a ce famfon jabu ne, alhali kuwa ba laifinsa ba ne.

Magani ɗaya ne cikin uku: a ɗaga tanki, ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi wanda shi ma wuta yake ci, ko a sayi famfo mai faɗin maƙogwaro da ya dace da raunin ruwan. A ganina na ukun ya fi wa mai ƙaramin ƙarfi. A kuma roƙi mai aikin famfo ya sauko da bututu mai inci 1 daga tanki, ya rage yawan kwana, kada ya matse shi zuwa rabin inci sai dab da kicin.

Bayan ƙarfi sai tsabta. Ruwan rijiya da na sabuwar burtsatse ba ya rasa yashi. Famfo mai hannu ɗaya, wanda wani Ba'amurke mai suna Al Moen ya fara sayarwa a 1947, irin na yanzu yana da wasu fayafai biyu na tangaran a cikinsa waɗanda ke gogar juna su tare ruwa. Suna daɗewa in ruwan tatacce ne, amma ƙwayar yashi in ta shiga tsakaninsu ta karce su, famfo ya fara ɗiga ke nan, kuma ba ya gyaruwa sai an sake cikin gaba ɗaya, in an samu irinsa a kasuwa. Tsohon famfon nan na murɗawa kuwa 'yar roba ce kawai a cikinsa, kowane mai gyara yana da ita a aljihu. Kada a raina ɗigar nan. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da wajen lita 30 a kwana guda, fiye da jarka mai lita 25. Wanda ke sayen ruwa a kura ya san abin da wannan ke nufi a ƙarshen wata. Saboda haka duk wanda ya nace wa famfon zamani, to, ya sa matata a bakin bututun da ya fito daga tanki, ya kuma riƙa wanke tankin.

Shi kuma famfo mai haɗa ruwan zafi da na sanyi, in babu hita a gidan, kuɗin rabinsa an zubar ne. Balle ma a watan Maris da Afrilu baƙin tanki a ranar Minna shi kansa hita ne.

A wurin saye a ɗauki famfon a hannu a ji nauyinsa. Na farin tagulla yana da nauyi. Mara nauyi galibi tutiya ce aka shafa wa ƙyalli, kuma a wurin zaren ɗauri yake tsagewa. Har ila yau tagulla mai araha takan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta taƙaita ta zuwa kashi 0.25 cikin 100 a kayan ruwan sha tun 2014. Dabara mai sauƙi ita ce ruwan da ya kwana a cikin famfo a tare shi a bokiti a yi shara ko wanki da shi, kada a sha, kada a dama wa yaro koko.

Shi kansa kwamin

Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda matanmu ke kira silba, a Shefil ta Ingila wani mai suna Harry Brearley ya gano shi a 1913. Amma ba duka silba ce ɗaya ba. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin 100, shi ne mai jure gishiri da ruwa. Mai lamba 201 an rage masa nikel an cika da manganis, ya fi araha, yana kuma fitar da ɗigo-ɗigon tsatsa in ya daɗe a jiƙe. A ido ba ka bambanta su, hatimin da ke jiki ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Gwajin maganaɗisu da ake yawan yi a shago bai raba gardama ba, domin 201 da 304 duka ba su cika kama shi ba, sai dai ya tona asirin wani iri dabam mai lamba 430. Abin da mai saye zai iya dubawa da kansa shi ne kauri. A danna gindin kwamin da babban yatsa, in ya lotsa ya yi ƙara kamar gwangwani, a bar shi. Mai kaurin milimita 1 ko kusa da haka ya fi wanda bai kai 0.6 ba nesa. A kuma karɓi rasit da aka rubuta lambar ƙarfen a ciki.

Amma babbar matsalar ba ta ƙarfe ba ce, ta girma ce. An ƙera kwamin nan ne domin gidan da ake cin abinci a faranti, mutum uku ko huɗu. Ramin da yawansu bai wuce inci 16 a faɗi da inci 6 ko 7 a zurfi ba. Gidan Malam Bahaushe kuwa tukunyar tuwon mutum goma sha biyar ce, da ƙanzo a gindinta da baƙin hayaƙi a bayanta, ga muciya, ga fanteka, ga turmin sakwara tun da ƙasar doya muke. Masu shago sukan tallata mai rami biyu a matsayin na manya, alhali ramuka biyu ƙanana ba su kai guda ɗaya babba mai zurfin inci 9 ko 10 amfani ba. Famfon ma ya zama mai dogon wuya da ke juyawa, yadda bokiti zai shiga ƙarƙashinsa.

Ko da an sami babban, ni dai shawarata ita ce a yi wuri biyu. Kwamin silba a kicin domin kwanuka da kofuna da wanke kayan miya. A tsakar gida kuma magini ya yi ɗan gurbi na siminti ko tayil, da famfo a daidai gwiwa, inda za a jiƙa ƙanzo a goge tukunya da toka da yashi kamar yadda aka saba. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi zai ceci na cikin, domin toka da yashi suna toshe bututu, soson waya yana barin ɓurɓushin ƙarfe da ke tsatsa a jikin silba, bilic kuma in ya kwana a ciki yana cin ta.

Tsayin da aka saba kafa kwami shi ne ƙafa 3, wajen santimita 90. Amma ba kowace mace ce ke da tsayi ɗaya ba, kuma ba maigida ne zai tsaya a wurin sau uku a rana ba. A kira uwargida ta tsaya, a auna daga gwiwar hannunta a sauko kamar inci 4 zuwa 6. Abin mamaki ne a ce mutum ya yi shawara da magini da kafinta da abokansa na majalisa, amma mai wurin ba ta ga kwamin ba sai ranar da aka ɗaura shi. Abin da za a ɗora shi a kai kuwa, dakalin kankare da tayil ya fi katakon nan na garin katako da aka matse, wanda ke kumbura da ya sha ruwa, gara kuma ta ƙarasa shi.

Ina ruwan zai tafi?

Nan ne ake yawan tsuke hannu, nan ne kuma rigima take. A ƙarƙashin kowane kwami ya kamata a sami lanƙwasasshen bututu ko 'yar kwalba da ke riƙe ruwa kamar inci 2 kullum. Wannan ruwan shi ke hana wari da kyankyasai hawowa daga kwata. Tsohuwar dabara ce, wani mai gyaran agogo a Landan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistarta a 1775. Masu aikin gaggawa sukan maye gurbinta da tiyon roba mai kama da maƙogwaro, wanda ke tara datti a kowace gaɓa, ɓera kuma ya huda shi.

Bututun fita kada ya gaza inci 1 da rabi, mai inci 2 ya fi, kuma ya riƙa gangara da rubu'in inci a kowace ƙafa. Dalili kuwa manja. Da ɗuminsa yake bin ruwa, amma da ya huce sai ya daskare a jikin bututu, musamman da hunturu, ya kama ƙwayar shinkafa da guntun tuwo har hanya ta rufe. Saboda haka a kwashe ragowar abinci a ba kaji kafin a wanke kwano, a sa rariya a bakin ramin, a kuma gina ɗan akwatin siminti mai murfi a bayan bango inda mai zai taso sama a riƙa kwashe shi.

Daga nan ruwan sai sokawe, ba titi ba. Daro ɗaya da ake watsawa a tsakar gida rana ke shanye shi, amma gidan da ya sami famfo a kicin ruwan da yake zubarwa ya ninka na da. In aka huda bango aka sake shi waje, a unguwar da ba a yi lambatu ba tukuna, sai ya kwanta a ƙofar maƙwabci, ya yi baƙi, sauro ya samu gida, da damina kuma ya zaizaye hanya. Ƙararrakin da ake kai wa masu unguwa da 'yan duba-gari a kan ruwan kwata ba su da iyaka, kuma maƙwabtaka da yawa a kansa ta lalace.

Wurin haƙa sokawen ma sai an yi lissafi. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, in ya gagara kada a gaza 15. Fulotin da aka saba yankawa kuwa ƙafa 50 ne a kan 100, watau tsawonsa duka bai wuce mita 30 ɗin ba. Ma'ana, rijiyar da sokawenka zai fi kusa da ita sau da yawa ba taka ba ce, ta mutumin bayan katanga ce, nasa kuma yana kusa da taka. Kafin leburori su sa diga, sai a leƙa a tambayi maƙwabta na dama da na hagu da na baya inda rijiyoyinsu suke.