Jinkiri da Shawara a Farkon Aikin Mishan a Ƙasar Hausa

Cikin 1900 Bishop Tugwell ya iso Kano da abokan tafiya huɗu na ƙungiyar C.M.S., cikinsu har da Likita Mila. Sarkin Kano Aliyu Babba bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Ryder, ya rasu. Bayan cin Sakkwato cikin 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka ƙofar biranen Musulmi ta daɗa rufuwa.

Mila bai sami zama cikin birnin Zariya ba sai 1905. Shekarun jiran nan ya ba da su ga magani, da makaranta, da juya littattafai. Aikin juyin nan, tare da na waɗansu, shi ya kai ga buga Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932.

Shawara mafi wuya ita ce ta wurin zama. Tsayawa cikin ganuwa yana nufin kusantar malamai da sarakuna, amma masu karɓa kaɗan ne, hukuma kuma ba ta so. Mila ya daɗe yana ƙin fita, amma cikin 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa. Daga baya ne masu bishara suka mai da hankali ga Maguzawan karkara, irin na kewayen Funtuwa da Malumfashi da Musawa, kuma a can ne ikilisiyoyin Hausawa suka fi kafuwa.