Tsutsar Himalaya Mai Tsadar Zinariya, da Abin da Ake Sayar Maka da Sunanta

Masu tallan magungunan ƙasar Sin sun cika WhatsApp da Facebook da wani suna, Cordyceps. Wani lokaci kafso ne, wani lokaci shayi ko garin kofi. A cewarsu yana gyara ƙoda, yana saukar da suga, yana maganin asma, uwa uba yana ƙara wa maigida kuzari. Sukan haɗa da hoton wata busasshiyar tsutsa mai tsinke a ka, su ce daga duwatsun Himalaya aka tono ta. Tsutsar dai akwai ta, ba ƙarya ba ce. Sai dai da wuya ƙwarai a ce ko ƙafarta ɗaya ta shiga kwalbar da aka miƙo maka.

Abin dangin naman kaza ne da funfuna. Mutanen Tibet na kiransa yartsa gunbu, masana kuma Ophiocordyceps sinensis. Ba ya fitowa sai a filayen ciyawa masu tsananin sanyi da ke tsakanin mita 3,000 zuwa 5,000 sama da teku, a yankuna irin su Tibet da Qinghai na ƙasar Sin, da Nepal, da Bhutan, da arewacin Indiya. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, bai kai mita 2,500 ba.

Rayuwarsa abin al'ajabi ce. Akwai wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, wanda tsutsarsa ke shafe shekaru a ƙarƙashin ƙasa tana cin saiwoyi. Ƙwayar wannan funfuna takan shiga jikinta, ta yi ta cin ta daga ciki har ta mutu, fatar kawai ta rage da siffarta. Idan ƙanƙara ta narke, sai wani siririn tsinke mai duhun ruwan ƙasa ya ɓullo daga kan gawar ya leƙo waje. A watannin Mayu da Yuni ƙauyuka sukan watse, maza da mata da yara su hau dutse su kafa tantuna, su wuni suna rarrafe suna neman wannan tsinke a cikin ciyawa.

Likitocin Tibet sun san shi tun da daɗewa, domin Zurkhar Nyamnyi Dorje ya rubuta bayaninsa a ƙarni na 15. Baturen Ingila Miles Berkeley ne ya fara yi masa bayanin kimiyya a 1843, aka daɗe ana lissafa shi cikin dangin Cordyceps, sai a 2007 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna gidansa daban ne, aka sauya masa suna. To, idan masana da na'urorinsu sun ɗauki fiye da shekara 160 kafin su tantance danginsa, ina ga mai saye da ke duba hoto a waya?

Ga yadda masu sana'ar ke gane na ainihi. Tsutsar takan kai santimita 3 zuwa 5, launinta ruwan ɗorawa mai duhu, jikinta na da zobba 20 zuwa 30. Ƙafafunta takwas ne a kowane gefe, huɗun tsakiya sun fi fitowa fili. Tsinken daga kai yake fita, ba manna shi aka yi ba. Idan aka karya ta, cikin fari-fari ne da ɗan baƙin zane a tsakiya. Duk waɗannan alamu suna aiki ne idan abin yana nan ɗungurungum. Da zarar an niƙa shi gari, magana ta ƙare, sai ɗakin gwaji.

Kasuwarsa ta buɗe ne bayan 1993, lokacin da 'yan tseren Sin mata, ciki har da Wang Junxia, suka karya tarihin duniya a gasar ƙasa da aka yi a Beijing, kocinsu Ma Junren ya ce wannan tsutsa da jinin kunkuru yake ba su. Masu talla suna son wannan labari, amma ba sa ƙarasa shi: a 2000 an cire shida daga cikin 'yan wasan kocin daga tawagar Olamfik ta Sydney bayan gwajin jini. Farashi kam ya yi ta hauhawa, har mafi kyawunsa ya taɓa zarce zinariya tsada a Beijing idan aka auna nauyi da nauyi. An zubar da jini a kansa. A 2009 an kashe mutum bakwai a yankin Manang na Nepal saboda rikicin wurin tono. Yawan tono da ɗumamar yanayi sun sa yana raguwa, kuma a 2020 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazana.

Inda kuɗi ya kai haka, algus ba ya nisa. Ana cusa wayar ƙarfe ko dalma a cikin tsutsar don ta ƙara nauyi, kuma likitoci a Taiwan sun ba da rahoton mutanen da gubar dalma ta kama ta wannan hanya. Wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba ya bukatar a yi masa bayanin dalma. Ana kuma kwaɓa fulawa a zuba a mazubi a shafa launi, ko a haɗa karyayyu da tsinke. Kai, ko na ainihin bai tsira ba. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Sin ta yi gargaɗi cewa ta sami gubar asanik miligiram 4.4 zuwa 9.9 a kowane kilo, alhali iyakar da aka yarda da ita a kayan ƙarin lafiya miligiram 1 ce.

To me ke cikin kafson 'yan dubban nairori? Idan an yi sa'a, funfunar da aka raina a tankunan masana'anta ce, ko wani ɗan'uwansa mai ruwan lemo da ake nomawa, Cordyceps militaris. Noma su ba laifi ba ne, laifin shi ne nuna maka hoton wani abu a sayar maka da wani. Batun warkarwa kuwa, cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi kan masu ciwon ƙoda a 2014, ta ce hujjojin ba su da ƙarfi. A ganina babban haɗarin ma ba a cikin kwalbar yake ba, yana wajen mai ciwon suga ko hawan jini da zai ajiye maganin asibiti ya rungumi kafso, har ƙodar ta ƙarasa lalacewa.

Wanda ya dage sai ya sha, ya duba lambar NAFDAC, ya kuma sani cewa lambar da ke ƙarewa da harafin L izinin sayarwa ne, ba shaidar cewa maganin na warkarwa ba. Mai ciki da mai shayarwa, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini, kada su taɓa sai sun tambayi likita. Masu nemansa don ƙarfin maza su ƙara kula, domin hukumomi a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil, sinadarin Viagra, a ɓoye cikin kayan da aka ce tsirrai ne zalla. Idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya, jini na iya faɗuwa farat ɗaya, mutum ya yanke jiki.