HAƊA IRIN SHANU DOMIN SAMUN NAMA: ABIN DA YA KAMATA MAKIYAYI YA SANI

Haɗa iri, watau a sa bijimin wani jinsi ya barbari saniyar wani jinsin dabam, ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Shanun Keteku na ƙasar Yarabawa da Borgu sun samu ne daga cuɗanyar Bunaji, watau farfarun shanun Fulani, da Muturu, ƙananan shanun kudu masu jure wa sammore. Abin da ya zo daga baya shi ne shigo da bijimai, ko maniyyinsu, daga Turai da Amurka. A Shika kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi a 1928, an daɗe ana haɗa Bunaji da Friesian, amma galibi domin madara.

Maraƙin da aka samu daga iri biyu yakan fi matsakaicin iyayensa kuzari da saurin girma. Sai dai a lura, wannan fifiko ya fi ƙarfi ne a haihuwar farko. Idan aka bar 'yan ruwa biyu suka barbari juna, kusan rabinsa yakan zube a jikoki, kuma garken ya fito gauraye, wani ƙato wani tsigi. Shi ya sa ƙasashen da suka ci moriyar abin suka yi shekaru suna zaɓe da ajiye lissafi kafin iri ya tsaya. Alal misali Santa Gertrudis na Texas a Amurka, wanda aka amince da shi a 1940, kashi 5 cikin 8 na jininsa Shorthorn ne, kashi 3 kuwa Brahman.

Wajen nama ma akwai bambanci. Sa mai ƙiba sosai, bayan an fede an cire kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da ke saura yakan kai kashi 50 zuwa 55 cikin 100 na nauyinsa. Jinin Charolais ko Simmental yana ƙara kaurin cinya da gadon baya, jinin Angus kuwa yana sa kitse ya ratsa cikin tsoka, naman ya yi taushi. Naman shanu masu tozo ya fi tauri kaɗan, kitsensa kuma bai cika shiga tsoka ba. To, amma a tambayi kasuwa tukuna. Mai kilishi tsoka zalla yake nema, kitse ɓata masa aiki yake yi, mahautan yawancin kasuwanninmu kuwa yawan nama suke saye, ba taushinsa ba.

Inda magana take shi ne ciyarwa. Sa yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 da rabi cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Mai kilo 300 zai ci kilo 7 da rabi ke nan, mai kilo 450 kuwa ya haura kilo 11. Daɗin daɗawa, dabbar da ke tara tsoka da sauri tana bukatar abinci mai gina jiki fiye da wadda ke girma a hankali. Da rani sinadarin gina jiki da ke cikin busasshiyar ciyawa yakan faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100, alhali ƙwayoyin halittar da ke narka ciyawa a tumbin sa ba sa aiki sosai ƙasa da haka. Bunaji da Bokoloji da Rahaji sun saba da wannan hali: su rame da bazara, su murmure da damina, ko da yake sai sun shekara huɗu ko biyar su isa yanka. Ɗan ruwa biyu ba shi da wannan haƙuri. In bai sami harawa da dusa da anguryar auduga ko tunkuza ba, tare da gishiri da ruwa wadatacce, zai riga na gida faɗuwa, kuɗin da aka kashe kuwa ya tafi ke nan.

Sa'an nan ga cuta. A tashar Wakwa kusa da Ngaundere a Kamaru, daga shekarun 1950 aka haɗa Brahman na Amurka da Gudalin Adamawa. 'Ya'yan sun yi girma yadda ake so, amma kirci ya addabe su fiye da Gudalin asali. Brahman kuwa sa ne mai tozo, ɗan ƙasar zafi. Ina ga shanun Turai, waɗanda zafi da kaska da tsando ke saurin kayarwa?

Saboda haka wanda shanunsa ke yawon kiwo a daji gara ya inganta na hannunsa, ya riƙa zaɓen bijimi mafi kyau yana dandaƙe marasa kyau. Wanda ke da makiyaya tasa da rumbun harawa, kuma likitan dabbobi na kusa da shi, yana iya gwadawa da shanu kaɗan, kada jinin waje ya wuce rabi. Kada a haɗa karsana mai haihuwar fari da irin manyan bijimai kamar Charolais, domin maraƙin yana iya yi mata girma ya maƙale wajen haihuwa. A riƙa rubuta ranar haihuwa da sunan uba da nauyin maraƙi a lokacin yaye, a kuma nemi shawarar malamin dabbobi na ƙaramar hukuma kafin a sayi bijimi ko a yi allurar barbara.